Tambayoyi da Amsoshi Kan Rarraba Gaɓoɓi da Furta Harɗaɗɗun Kalmomin Holanci

Holanci, wanda masu shi suke kira *Nederlands*, harshe ne na mutane fiye da miliyan 20 a Holand da arewacin Beljiyam da Suriname. Ɗalibin da ya tafi karatu Wageningen ko Delft ko Leuven, da matar da take shirin jarrabawar zama ƙasa domin bin mijinta, abin da yake fara razana su a wannan harshe shi ne tsawon kalmomi. Amsoshin da ke ƙasa duka suna komawa ga abu guda, wato gano mahaɗar da aka ɗinke kalma da kalma, domin a nan ne rabon gaɓa da furuci da ma'ana suke ta'allaƙa.

Mece ce harɗaɗɗiyar kalma a Holanci, kuma me ya sa take yin tsawo haka?

Harɗaɗɗiyar kalma, wadda suke kira *samenstelling*, ita ce wadda aka gina da kalmomi biyu ko fiye, kowacce mai cin gashin kanta. Hausa ma tana da irinta, kamar jirgin sama da gidan sauro da fasa-ƙwauri, sai dai akwai bambanci biyu. Na farko, mu mukan bar fili ko mu sa karan ɗori, su kuwa ƙa'idarsu ita ce a manne komai wuri guda. Na biyu, a irin su jirgin sama jigon kalmar ne yake zuwa farko, mai bayyana shi ya biyo baya, amma a Holanci jigon yana ƙarshe. *Ziekenhuis* asibiti ne: *zieken* marasa lafiya, *huis* gida. *Handschoen* safar hannu ce, ko da yake a zahiri cewa aka yi takalmin hannu.

Tun da babu iyaka ga yawan abin da za a manna, kalma tana iya miƙewa. *Arbeidsongeschiktheidsverzekering*, inshorar wanda lalura ta hana shi aiki, tana da haruffa 33, kuma kalma ce da ake gani a takardun aiki na yau da kullum. Ɓangaren ƙarshe ne kuma yake yanke jinsin kalmar: ana cewa *het huis* da *de deur*, don haka ƙofar gida ta zama *de huisdeur*.

Idan na ci karo da doguwar kalma, daga ina zan fara?

Ka fara daga ƙarshe. Ka nemi kalmar da ka sani a wutsiya, ka cire ta, sannan ka ci gaba da komawa baya har ka isa farko. Sai bayan ka gama wannan ne za ka rarraba kowane ɓangare zuwa gaɓoɓinsa, kamar dai shi kaɗai yake tsaye.

Ɗauki *watersnoodramp*, sunan da suke kiran ambaliyar da ta afka wa kudu maso yammacin Holand a daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953, wadda ta halaka mutane fiye da 1,800 a ƙasar. A ƙarshe akwai *ramp*, bala'i. Kafin ita akwai *nood*, halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A farko akwai *water*, ruwa, tare da wani ɗan *s* mai haɗawa. Rabon gaɓoɓin ya zama *wa-ters-nood-ramp*. Wanda bai nemi mahaɗar ba zai iya karanta *water-snood-ramp*, alhali ba haka masu harshen suka gina kalmar ba.

Shin da gaske ne kalma ɗaya tana iya rabuwa gida biyu, kowanne da ma'anarsa?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi komai nuna cewa ma'ana ce take jan ragamar rabon gaɓa. *Massagebed* idan aka raba ta *massage-bed* gadon tausa ce, idan kuwa aka raba ta *massa-gebed* addu'ar taron jama'a ce, kuma harafin *g* ma ba iri ɗaya ake furta shi ba a cikinsu, domin na farkon aro ne daga Faransanci mai kama da j ɗinmu, na biyun kuwa daga maƙogwaro yake fita. *Dijkramp* tana iya zama *dijk-ramp*, bala'in ɓallewar ganuwar tare ruwa, ko *dij-kramp*, ɗaurewar jijiyar cinya. *Valkuil* ramin tarko ne in an ce *val-kuil*, wani nau'in mujiya ne in an ce *valk-uil*. Akwai kuma *bommelding*, rahoton an dasa bam, wadda su kansu 'yan ƙasar sukan yi tuntuɓe su karanta *bommel-ding* kafin su farga cewa *bom-melding* ce.

Babu wata dabara ta duban haruffa da za ta warware irin waɗannan, sai dai a dubi jimlar da kalmar take ciki. Ƙa'idar rubutu ta yarda marubuci ya sa karan ɗori a mahaɗar idan yana gudun ruɗa mai karatu, kuma a ganina marubucin da ya rubuta *massa-gebed* ya kyauta wa mai karatunsa.

Yaya zan san wasali dogo ne ko gajere?

A nan Bahaushen da ya yi nazarin harshensa a makaranta yana da riba, domin ya riga ya san buɗaɗɗiyar gaɓa, wadda ta ƙare da wasali, da rufaffiyar gaɓa, wadda ta ƙare da baƙi. A Holanci, wasulan *a, e, o, u* idan suka zo ɗaya tak a rufaffiyar gaɓa gajeru ne, kamar *man*, namiji, da *bom*, bam. Idan ana son dogo a rufaffiyar gaɓa sai a ninka harafin: *maan*, wata, da *boom*, bishiya. A buɗaɗɗiyar gaɓa kuwa harafi ɗaya ya wadatar wajen nuna tsawo, shi ya sa jam'in *boom* ya zama *bo-men*, jam'in *bom* kuma ya zama *bom-men*, inda aka ninka baƙin domin a rufe gaɓar.

Akwai tarko a nan wanda ya shafe mu musamman. A Hausa baƙi mai ninki ana jin nauyinsa a baki, shi ne ya bambanta baba da babba. A Holanci ninkin na ido ne kawai, aikinsa ya sanar da kai cewa wasalin da ya gabata gajere ne, amma *m* ɗaya ake furtawa a *bommen*. Bahaushe yakan danne baƙin kamar yadda ya saba, kuma nan take kunnen ɗan ƙasa yake jin baƙuntarsa.

Abin da ya haɗa wannan da harɗaɗɗun kalmomi shi ne cewa kowane ɓangare yana riƙe rubutunsa na asali. *Bomaanslag*, harin bam, da za a bi ƙa'idar gaɓa ido rufe sai a ce *bo-maan-slag* da dogon *o*, alhali daidai shi ne *bom-aan-slag* da gajere. Haka *visolie*, man kifi, *vis-olie* ce. Duk inda ɓangaren farko ya ƙare da baƙi, na biyu ya fara da wasali, kada a ja baƙin ya tsallaka mahaɗa. Sau da yawa ma ana jin ɗan tsaiko a wurin mai kama da hamzar da muke yi a sa'a da jama'a.

Waɗanne haruffa ne suka fi yaudarar mai karatun Hausa a wurin mahaɗa?

Na farko shi ne *sh*. Idonmu ya saba ganin sa a matsayin sauti ɗaya, kamar a shanu da shinkafa, saboda haka idan Bahaushe ya ga *bushalte*, wurin tsayawar bas, bakinsa yakan ce *bu-shal-te*. Daidai shi ne *bus-hal-te*, a furta *s* daban, *h* daban. Haka *huishouden*, sha'anin gida, *huis-hou-den* ce. Na biyu shi ne *ts*, wanda a wurinmu sauti ne mai tunzuri kamar a tsuntsu, amma a *voetstap*, takun ƙafa, *t* na *voet* ne, *s* na *stap* ne. Wanda ya fara da Turanci kuma zai so ya mai da *ph* ta zama *f* a *ophalen*, ɗauko wani ko wani abu, alhali *op-ha-len* ce.

Sai *ng*. A cikin kalma guda kamar *zingen*, rera waƙa, sauti ɗaya ne na hanci, ba a jin *g* ko kaɗan. Amma a *ingang*, ƙofar shiga, *ng* na farko mahaɗa ce tsakanin *in* da *gang*, don haka ana jin *g* ɗin maƙogwaro sarai, na ƙarshen kuma sauti ɗaya ne.

Me ya sa abin da nake ji daga bakin mutane bai yi daidai da abin da aka rubuta ba?

Domin sautuka suna nashe juna a mahaɗa, kuma rubutu ba ya nuna hakan. Mu ma muna rubuta gidan Bala amma bakinmu yana cewa gidam Bala. Holanci yana yin daidai wannan a *inpakken*, ƙunshe kaya, wadda ake ji kamar *impakken*.

Ƙa'idar farko da ya kamata a riƙe ita ce, baƙi mai ziza, wato wanda maƙogwaro yake karkarwa wajen furta shi kamar *b* da *d*, yakan rasa zizarsa a ƙarshen kalma, shi ya sa *hand*, hannu, ake furta ta *hant*. Wannan yana nan daram ko da kalmar ta shiga harɗi, don haka *handarbeid*, aikin hannu, ana jin ta da *t*, ita kuwa *handig*, mai gwanintar hannu, ana jin ta da *d*, saboda *-ig* ɗafa-ƙeya ce kawai, ba kalma ce mai zaman kanta ba.

Bayan wannan sai nason ziza, wanda yake tafiya ta fuska biyu. Idan ɓangare na biyu ya fara da *b* ko *d*, yakan ba baƙin da ya gabace shi ziza: *voetbal* ta zama kamar *voedbal*, *huisdeur* ta zama kamar *huizdeur*, *zakdoek*, hankici, kuma *k* ɗinta ya koma irin *g* na gida a Hausa. Idan kuwa ya fara da *v* ko *z* ko *g*, shi ne yake rasa tasa zizar: *handvat*, mariƙi, ana jin ta *hantfat*, *opzoeken*, nemo abu, ana jin ta *opsoeken*. Baƙaƙe biyu iri ɗaya da suka haɗu sukan zama ɗaya a baki, kamar a *handdoek*, tawul, da *achttien*, goma sha takwas. Harafin *t* kuma yakan ɓace idan ya matsu tsakanin baƙaƙe, har *postzegel*, kan sarki, ta koma kamar *possegel*.

Akwai kuma kalmomin da suka daɗe a baki har mutane suka daina jin mahaɗarsu. *Aardappel*, dankali, asalinta tuffar ƙasa, da *tandarts*, likitan haƙori, ya kamata bisa ƙa'ida a ji *t* a cikinsu, amma galibi ana cewa *aar-dappel* da *tan-darts*. A rubuce dai rabonsu yana nan *aard-appel* da *tand-arts*.

Mene ne aikin *s* da *en* da *e* da ake cusawa a tsakiya?

Sautukan haɗi ne, kuma ta wata fuskar suna tuna wa mutum *-n* da *-r* na gidan sarki da rigar sarki. Wajen rabon gaɓa kullum suna bin ɓangaren farko: *stads-deel*, unguwar birni, *boe-ken-kast*, kabad ɗin littattafai, *zon-ne-bloem*, furen rana.

Harafin *s* ba shi da tsayayyiyar ƙa'ida, ana rubuta shi ne idan ana jin sa, har ma akwai kalmomin da aka yarda da su ta hanya biyu, kamar *geluidhinder* da *geluidshinder*, damuwar hayaniya. Inda ɓangare na biyu ya fara da *s* kunne ba zai taimaka ba, sai a gwada da wata kalma: tun da ana jin *s* a *dorpsplein*, dandalin ƙauye, to *dorpsstraat*, titin ƙauye, da *s* biyu za a rubuta ta.

Batun *en* da *e* ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1995 ya ce a rubuta *en* idan ɓangaren farko suna ne wanda jam'insa yake ƙarewa da *en* kaɗai, sai *pannekoek*, wainar fulawarsu, ta koma *pannenkoek*. An ware abin da ɗaya ne tak a duniya, kamar rana a *zonnebloem* da wata a *maneschijn*, da sunan da ba shi da jam'i kamar shinkafa a *rijstepap*. Ranar bikin sarauniya ma *Koninginnedag* ce babu *n* na haɗi, kafin ta zama *Koningsdag* daga 2014 bayan Willem-Alexander ya hau gadon sarauta. Gyaran 2005 ya ƙara mai da *paardebloem*, sunan wani fure, ta zama *paardenbloem*. Ga mai koyon magana duk wannan bai kai abin tashin hankali ba, domin a yammacin Holand yawanci ba a furta wannan *n* ɗin, wasali mara ƙarfi kawai ake ji, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba.

A wace gaɓa ake ɗora nauyin murya?

Hausa tana aiki da karin sauti, sama da ƙasa, kowace gaɓa kuma tana samun haƙƙinta. Holanci yana zaɓen gaɓa ɗaya ya ƙarfafa ta, sauran su raunana. A harɗaɗɗen suna nauyin yana kan ɓangaren farko: VOET-bal, ZIE-ken-huis, SLAAP-ka-mer. Kaɗan ne suka kauce, kamar stad-HUIS, ofishin hukumar birni, da bur-ge-MEES-ter, magajin gari, da sunayen Amster-DAM da Rotter-DAM. Ɗafa-goshi irin su *be-* da *ge-* da *ver-* ba sa ɗaukar nauyi.

A aikatau kuwa nauyin yana iya canza ma'ana ɗungurungum. *Vóórkomen* shi ne abu ya auku, *voorkómen* shi ne a hana shi aukuwa. *Óndergaan* faɗuwar rana ce, *ondergáán* kuwa mutum ya fuskanci abu ne, kamar tiyata. Mai nauyi a farko yakan rabu biyu a cikin jimla, kamar *de zon gaat onder*, rana tana faɗuwa, ɗayan kuma ba ya rabuwa. Akan sa waɗannan alamomi na kan wasali a rubutu ne kawai idan ana gudun ruɗani.

Yaushe ake sa karan ɗori, yaushe ake sa ɗigo biyu a kan wasali?

Duka biyun maganin ciwo ɗaya ne, wato karon wasula, inda wasula biyu na gaɓoɓi daban suka haɗu har ido ya ɗauka sauti ɗaya ne. A harɗaɗɗiyar kalma karan ɗori ake sawa: *auto-ongeluk*, haɗarin mota, *zee-eend*, agwagwar teku, *na-apen*, kwaikwayo. Kafin 1995 da ɗigo biyu ake rubuta wasunsu, shi ya sa za a ga *zeeëend* a tsofaffin littattafai. A kalmar da ba harɗaɗɗiya ba ɗigo biyun ne yake aiki har yau, kamar *België* da *beëindigen*, kawo ƙarshe. Lambobi sun riƙe ɗigonsu: *tweeëntwintig*, ashirin da biyu.

Akwai wani karan ɗori kuma da ake gani a fom na hukuma, wanda yake tsayawa a madadin ɓangaren da aka tsallake. *Voor- en achternaam* na nufin *voornaam* da *achternaam*, sunan yanka da sunan iyali.

Idan kalma ba ta shiga layi ba, a ina zan yanke ta?

A mahaɗa tukuna, sannan bayan ɗafa-goshi, kamar *her-inneren*, tunawa. A cikin ɓangare guda, baƙi ɗaya tsakanin wasula yana bin gaɓar gaba, kamar *lo-pen*, biyu kuma a raba su, kamar *mees-ter*. Ba a raba *ch*, don haka *la-chen*, amma ana raba *ng* duk da cewa sauti ɗaya ne, don haka *zin-gen*. Ba a barin wasali ɗaya tilo a gefe, kuma ba a yankewa dab da *x* idan yana tsakanin wasula, shi ya sa aka ce *exa-men*. Ɗigo biyu yana faɗuwa idan yankan ya zo a kansa, *be-eindigen*, haka ma ƙarin wasalin ƙanƙantarwa, inda *opaatje*, ƙanƙantaccen sunan *opa*, kaka namiji, take zama *opa-tje*. Kada a sakankance da kwamfuta a nan, domin manhajar da ba ta san ma'ana ba tana iya yanke *bommelding* a inda bai dace ba.

Ba zai fi sauƙi in bar fili tsakanin ɓangarorin ba?

Kuskure ne a ƙa'idance, kuma ya yawaita har suka yi masa laƙabi da *Engelse ziekte*, cutar Ingilishi, domin daga Turanci ɗabi'ar ta shigo. Filin yana iya juya zance: *langeafstandsloper* mai gudun dogon zango ne, amma *lange afstandsloper* dogon mutum ne mai gudun zango.

Yaya zan yi da cunkoson baƙaƙe?

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa da muka ari kalmomi muka cusa musu wasula, muka sami burodi da fursuna da asibiti. Wannan ɗabi'a tana bin mu zuwa Holanci, harshen da yake da *angstschreeuw*, ihun tsoro, mai haruffan baƙi 8 a jere. Amfanin sanin mahaɗa a nan shi ne yana raba nauyin gida biyu, *angst* da *schreeuw*, kuma idan aka lura *ng* sauti ɗaya ne, *ch* ma ɗaya ne, to cunkoson bai kai yadda ido ya gani ba. Shawarata ita ce a furta kowane ɓangare shi kaɗai sau da yawa, a bar ɗan numfashi tsakaninsu, sannan a riƙa rage numfashin a hankali har su haɗe. Barin ɗan tsaiko a mahaɗa ya fi cusa wasalin da babu shi, domin tsaikon ba ya ƙara gaɓa, wasalin kuwa yana ƙarawa, kuma ƙarin gaɓa ne yake sa mai sauraro ya kasa gane kalmar.

Wa yake tsara waɗannan ƙa'idoji, kuma ɗaya suke a Holand da Beljiyam?

Hukumar Nederlandse Taalunie ce, wadda ƙasashen biyu suka kafa da yarjejeniya a 1980, Suriname kuma ta shigo daga baya. Jerin kalmomin hukuma, wanda aka fi sani da *Groene Boekje* saboda koren bangonsa, ya fara fitowa a 1954, aka sabunta shi a 1995 da 2005 da 2015, kuma yana nan kyauta a intanet a shafin woordenlijst.org, inda ake nuna rabon gaɓoɓin kalmomi.

Rubutu da rabon gaɓa iri ɗaya ne a ƙasashen, lafazi ne ya bambanta. A Amsterdam *g* yana fita da kaushi daga can cikin maƙogwaro, a Antwerpen da kudancin Holand kuwa da taushi yake fita. A wajejen Groningen, *n* ɗin da 'yan yamma suke yarwa a *boekenkast* shi ake riƙewa, wasalin da ke gabansa ne ake haɗiyewa. Jerin hukumar yana nuna inda alƙalami zai yanke kalma ne, don haka zai ba ka *aard-ap-pel*, amma yadda mai sayar da dankali a kasuwar garin da ka sauka yake faɗin ta, wannan sai ka tsaya kusa da shi ka saurara.